Gwiwar Baba a Ƙarƙashin Tebur

Shekarar da hawan jini ya bugi Baba, motar da yake ja ta zauna a gindin dogonyaron ƙofar gidanmu a Bodinga har kaji suka mai da ƙarƙashinta wurin shan inuwa. Motar ta Kawu ce, yayan Inna. Baba ya daɗe yana ɗaukar fasinja da ita zuwa Shagari, ranar kasuwa kuma ya sauka daga kwalta ya bi burji zuwa ƙauyuka. Ciwon ya taɓa masa ɓarin hagu. Ƙafar ta warware, hannun ne ya tsaya yana gardama.

Duk gidan mun gaji a lokacin. Inna ta gaji da shafa masa man zafi, ni na gaji da amsa wa 'yan ajinmu cewa jiki da sauƙi. Kawu kuma ya gaji da ganin motarsa a tsaye. Ya ce ko dai Baba ya koma aiki, ko ya ba wani direba makulli. Baba ya ce ya warke. Inna ta ce ba za a gwada hannunsa da ran mutane ba.

Yayana ne ya kawo shawara. Yana aiki a wani shago kusa da tasha inda samari ke buga wasan gem a talabijin, kuma mai shagon yana da sitiyari na wasan tseren mota, da totur da burki da giya. Yaya ya rantse ba shi da maraba da motar gaske. Ya ce a gwada Baba a kai, in ma an faɗi babu wanda zai ji ciwo. Kawu ya yi dariya, amma ya yarda.

Wata Asabar bayan la'asar Yaya ya aro kayan ya kawo a kwali, aka tayar da janareta. Babu abin da za a ɗaure sitiyarin a kai sai teburin da nake aikin makaranta, wanda ƙafarsa ɗaya ta fi sauran gajarta. Aka ce in zauna a ƙasa in riƙe ƙafafun don kada ya yi rawa. Na ji daɗin wannan aikin, domin wanda yake ƙarƙashin tebur ba a tambayarsa komai.

Daga nan ina hango rabin talabijin. Yaya ya fara nuna musu. Hanyar ciki ba kwalta ba ce, burji ce ja kamar wadda ke bayan Dingyaɗi, sai dai itatuwansu dogaye ne masu duhu. Ana jin tsakuwa tana bugun cikin motar. In ya sha kwana sai bayanta ya zame, ƙura ta tashi, in ya faɗa ruwa sai taɓo ya rufe gilas. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne sitiyarin yana da rai. Duk gargadar da motar ta taka, sai rawar ta biyo katakon ta shigo tafin hannuna.

Baba ya zauna a kujerar roba, ya tuɓe takalmi, ya yi bisimilla. Akwai wata murya a wasan da ke faɗa wa direba kwanar da ke gaba da Turanci, ba ta hutawa.

“Wanga yaron mota surutu gare shi,” in ji Baba. “Da nawa na, da na aje shi Sifawa.”

“Hanya yaka gwada maka, Baba.”

“Ni da idona?”

Ya tashi motar a hankali, kamar ya ɗauko tsofaffi da kwandon ƙwai. Da ya hango 'yan kallo sun yi layi a bakin hanya sai ya taka burki, babban yatsansa yana laluben oda.

“Baba, taka wuta. Ba su mutuwa, hoto na.”

“Kai ka sani. Ni dai ban ratsa mutane da gudu.”

Kawu yana ta dariya. “Direba, ko jaki ya tsere ma.”

“Shi tahi, Alhaji. Mu gamu tasha.”

Inna tana bakin ƙofa da tsintsiya a hannu, ta manta da ita. Idon kowa yana kan talabijin, nawa ne kawai a ƙasa. Duk sa'ad da hannun damansa ya bar sitiyari ya tafi wurin giya, sai gwiwarsa ta hagu ta ɗago ta tokare sitiyarin daga ƙasa. Hannun hagun yana ɗore a sama kamar yana riƙe, amma yatsun ba su rufe ba. Gwiwar ce ke aikin. Wandonsa yana ɗan rawa a wurin, zufa kuma ta jiƙa bayan ƙafarsa.

Ya kai ƙarshe ko ƙwarzane babu a jikin motar. Wasan ya nuna shi ne na baya duka. Kawu ya ce wannan ai shi ake nema ga direban haya. Ya zaro makulli daga aljihu ya ajiye a kan teburin, daidai saman kaina.

“Litinin ka hita, Direba. Hannu ya dawo.”

Baba ya sunkuya zai jawo takalminsa, sai muka haɗa ido. Ba na iya magana a gaban Kawu ko a ranar da babu komai. Amma idona bai gama barin gwiwarsa ba, kuma ya bi inda nake kallo.

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka ba ya kiran sunana. “Uwata, kin gaji da riƙo?” ya tambaya a hankali.

Na girgiza kai.

Ya daɗe a sunkuye da takalmi ɗaya a hannu. Sannan ya ajiye shi, ya miƙe zaune.

“Sitiyarin ga laushi gare shi kamar ana dama kunu,” ya ce da Yaya. “Tawa motar, in ta hau gargada, kokawa muka yi. Haka abin yake?”

Yaya ya sosa ƙeya. Ya ce ana iya ƙara masa ƙarfi, shi ne ya rage kafin a fara.

“Mai da shi yadda yake.”

“Ai an gama, Direba,” in ji Kawu.

“Ba a gama ba, Alhaji.”

Wannan karon ya miƙe ƙafar hagu nesa da sitiyarin, har ta taɓa gefena. Teburin ya fara fizga, sai da na sa kafaɗa. Kwanar farko ya sha ta da hannu biyu. A ta biyu akwai rami, kuma dole ya sauya giya. Hannun dama ya tafi, sitiyarin ya ƙwace daga na hagu ya juya da kansa. Na ji bugun a haƙorana. Motar ta bar hanya ta daki itace, gilas ya tsage, yaron motar ya yi shiru.

Babu wanda ya yi dariya. Janareta kawai ake ji a tsakar gida.

“Ana sakewa, Baba,” in ji Yaya. “Maɓalli guda na.”

“Bar shi nan.”

Baba ya tura makullin da bayan hannunsa na hagu har gaban Kawu. Ya ce a ba wani yaro da ya koya wa tuƙi, yana da hankali, amma a gaya masa burkin motar sai an taka sau biyu. Kawu ya ɗauka ya sa a aljihu. Inna ta koma shara inda ta riga ta share.

Yaya ya kwance kayansa ya mayar kwali. Baba ya ce in taso, ƙafata za ta yi sanyi, ya ba ni hannun dama na kama.

Bayan kwana kaɗan aka zo aka ja motar, kajin suka koma gindin rumbu. Baba yanzu a tasha yake yini, a kan benci, yana kiran fasinjan Shagari. Maƙalin sitiyarin ya bar shaida biyu a bakin teburina, kuma in ina rubutu nakan ji su a ƙarƙashin takarda, sai in matsar da littafin gefe.