Dajin Don Wilfrido

Duk wanda ya girma a Mindo ya san Don Wilfrido Toapanta da zarton injinsa. Rabin itatuwan gangaren bayan garinmu shi ya kwantar da su. Yau kuwa in ka ji yana yi wa baƙi jawabi a kan kare daji, hannu a ƙirji, sai ka rantse a kogon bishiya aka haife shi.

Ƙanin mahaifiyata ne, don haka a gabana aka yi tubar. Ba wa'azin coci ne ya jawo ta ba, ciwon baya ne. Yana kwance a baranda yana nishi, sai wani Bature ya leƙo ta shinge, ya roƙi a bar shi ya ɗauki hoton kinde a furannin matarsa, Doña Zoila. Kinde dai 'yan tsuntsayen nan ne masu shan ruwan fure, da ba su fi babban yatsa ba, waɗanda mu ba mu ɗauke su a bakin komai ba. Baturen ya wuni a durƙushe, da zai tafi ya yi alheri. Kawu ya dubi tafin hannunsa, ya dubi tsuntsayen, nan take ƙaunar halittun Ubangiji ta shige shi.

Fiffiken kinde ya fi ido sauri, sai da filasha, fitilar kyamara mai walƙiya, ake tsayar da shi a hoto. Kawu ya sayo tsofaffin filasha daga Quito, ya kewaye fure ɗaya da su kamar wanda ake tuhuma. Furen ma yankakke ne, ɗaure a jikin sanda, ana ɗura masa ruwan sukari da sirinji. A baya kuma ya rataya koren ƙyalle, don kada garken aladu ya fito. Baƙi su zo da takalman shiga ƙungurmin daji, su zauna a kujera suna shan kofi, suna ta walƙa wa tsuntsaye wuta.

Na ce, “Kawu, wannan ai yaudara ce.”

Ya ce, “Tsuntsun na roba ne? To, rufe mini baki. Tsuntsu ya ƙoshi, Bature ya ƙoshi, ni na ƙoshi. Kai kaɗai ke jin yunwa, shi ya sa kake da gaskiya.”

Akwai wani kinde mai doguwar wutsiya shuɗiya da bai cika saukowa gari ba. Ranar da ya ga damar zuwa, ruwa ya riga ya ruɓar da ƙyallen. Kawu ya ruga bayan gida, ya fizgo koren siket ɗin da Zoila ke zuwa coci da shi daga igiyar shanya, ya kafe shi da ƙusoshi. Hoton da Kawu ya ɗauka da kyamararsa ya yi kyau, wannan ba a ja. Siket kuwa ya yage, ya tura shi ƙarƙashin buhunan dusa.

Da Zoila ta nema ba ta gani ba, sai ya tausasa murya: “Ni dai ban ce komai ba, amma na ga Eufemia kusa da shinge.” Maƙwabciya ce, tare suka tashi da Zoila. Suka yi faɗan da har aladu suka yi shiru suna saurare.

Hoton ya ci gasa, aka rataye shi a ɗakin taron gari, aka tara jama'a. Wani babba da ya zo daga birni ya tsaya a gabansa yana jinjina kai.

“Ku dubi zurfin koren dajinmu. Ku dubi inuwar bishiyar can a gefe, kamar ta yi magana!”

Zoila ta sa tabarau, ta matsa kusa, ta daɗe tana kallo.

“Yallaɓai, ba inuwa ba ce. Ƙunar dutsen guga ce. Ni na yi ta.” Ta juyo. “Wilfrido, zo nan, tsohon banza.”

Kawu ya ce, “Zoilita, a gaban mutane?”

“A gaban mutane na zagi Eufemia.”

Washegari ta ɗora masa kaza a hammata, ta tasa shi gaba har ƙofar maƙwabciyar. Eufemia ta karɓi kazar, ta juya ta ta duba ƙibarta, ta rungumi Zoila, ta rufe ƙofa a fuskarsa. Har yau in ya gaishe ta, sama take kallo kamar mai duba hadari.

Yanzu tsufa ya cim masa, kyamara ta fi ƙarfinsa, sai cika sirinji. Amma baki na nan lafiya lau. Baƙi na zama zai nuna musu hoton, ya ba su labarin yadda ya yi kwanaki cikin laka, sauro na cin sa, kafin tsuntsun ya yarda da shi. Sai dai yakan fara leƙa kicin tukuna, ya ga ko Zoila ta tafi kasuwa.