Geron Arba'in ɗin Inna

Geron da uwata ta ajiye don sadakar arba'in ɗinta, inji na kai aka niƙa. Na ɗauki garin na kai ƙauye, na ce matata ce ta daka. Ba ita ta daka ba, kuma kafin azahar an gane.

Mu mutanen wani ƙauye ne a ƙasar Illela. Gero muke nomawa, da wake a tsakani. Da na yi aure, matata ta tarar da uwata, wadda muke kira Inna, da turmi ɗaya da taɓarya biyu. Tare suke daka, tare suke zuwa rijiya. Kowacce tana da gamanarta, wato ɗan filin da ake yanka wa mace ta noma abin kanta. Ba wanda ya taɓa cewa kada mace ta fita. In ba ta fita ba, wa zai kawo ruwa? Surukan Inna uku ne, amma furar matata kaɗai take sha ta yi shiru. Ta sauran sai ta ce ta yi tsaki, ko ta yi ruwa.

Bayan babban farin nan na shekarun tamanin rumbunanmu suka ƙare. Jakina ya mutu, awaki suka bi shi. Na tafi Malbaza na shiga dakon siminti, buhu a ka tun safe har la'asar, muna loda wa manyan motoci. Shekara biyu na yi, ƙirjina ya fara ciwo. Na koma Konni na kama dako a tasha, na samu ɗaki a gidan haya, na aika aka kawo mini matata da yaranmu biyu.

Ɗaki tara ne a gidan, kowane ɗaki da garin da mutanensa suka fito. Mai gidan ɗan kasuwa ne, iyayensa daga hayi suka zo, wato tsallaken iyaka. Matarsa ko zaure ba ta leƙawa. Tawa kuwa tun ranar farko ta ɗauki tulu ta nufi famfon unguwa, daga ita sai zane da kallabi, kamar yadda ta saba. A tasha abokan aiki suka sa ni gaba. Wani ya ce ya ga wata baƙauyiya da tulu, ya tambaya aka ce iyalina ce. Wani ya ce in nemo mata gammo ta zo ta taya ni lodi. Na yi dariya tare da su. Da na koma gida na ce mata daga yau ba fita, 'yan ga-ruwa za su riƙa kawo ruwa. Ta tambayi laifin da ta yi. Na ce ba laifi, haka ake yi a birni.

Ni na kulle ta. Wannan ban ɗora wa kowa ba.

Mace ce da ta saba da aiki, sai ga ta zaune. Ba gona, ba rijiya, ba itace. Matan gidan duk inji suke aika hatsi, ita kaɗai ake jin taɓaryarta da hantsi, ta gama ta rasa abin yi. Ana nan sai wasu samarin malamai da suka yi karatu a hayi suka buɗe makarantar matan aure a unguwarmu. Nan kam matar mai gida tana zuwa, ta ce a bar tawa ta riƙa raka ta. Na yarda, don abin da matar mai gida take yi ba zai zama abin kunya ba. Aka ɗinka mata hijabi har idon sawu. Famfo na hana ta zuwa, makaranta na bari, kuma makarantar ta fi famfon nisa. Sai daga baya na lura da haka.

Ta iya karatu, ta iya shi sosai. Ni ban taɓa zama gaban allo ba, abin sallata a bakin mahaifina na ɗauka. Wata rana na idar da salla a ɗaki sai ta ce, Maigida, akwai wurin da kake tsallakewa a tahiya. Ta biya mini. Shekara talatin ina tsallake shi ban sani ba. Na karɓa, ban ji daɗi ba, amma na karɓa. A masallacin unguwa kowa yana ɗora hannu a ƙirji, ni ma na fara ɗorawa. In na je ƙauye sai in sake hannuna kamar kowa. Ta cire layun da Inna ta rataya wa yara a wuya, ban hana ta ba. Mata suka fara zuwa ɗakinmu da tambaya, ana ce mata Malama. A tasha aka koma kirana mijin Malama. Ban san ko yabo ne ko zagi ba.

Mun kusan shekara goma a Konni aka aiko Inna ba lafiya. Na tafi na same ta ta rame, muryarta ba ta fita sosai. Ta sa aka fitar da kowa, ta ce da ni, "Akwai dami biyu a ƙuryar rumbu, na gamanata ne. Na arba'in ɗina ne. Matarka ta daka, kada a ba wata."

Na ce to.

A wurinmu in mutum ya rasu ana yi masa sadaka ranar uku, da bakwai, da arba'in. Ta arba'in ita ce babba. Ana daka gero ɗanye, a kwaɓa da ruwa da sukari, a cura gumba, malamai su yi addu'a, a kai wa kowane gida. Haka aka yi wa mahaifina, haka aka yi wa kakana. Ban taɓa jin wanda ya tambayi dalili ba.

Bayan kwana huɗu Inna ta rasu. Matata ta zo, ita ce ma ta tsaya a kan wanka, ta nuna yadda ake yi. Matan da suke kururuwa ta ce musu su sassauta, addu'a ta fi. Wasu suka ji haushi. Kashegari ta koma Konni, ta ce an bar yara su kaɗai. Ban kawo komai a raina ba, ashe sadakar uku take gudu.

Ranar bakwai ƙanwar Inna, wadda muke kira Iya, ta sa aka sussuke damin nan biyu aka zuba a buhu. Ta ce tunda na kulle matata kamar kuɗin alhaji, in kai mata har ɗaki ta daka, ta zo da garin. Na ɗora buhun a mota.

Na ajiye shi gaban matata, na faɗa mata abin da Inna ta ce. Ta buɗe, ta ɗebi geron a hannu, ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, "Zan daka, Maigida. Yau ma in kana so. In cura da hannuna, a raba yau, ladan ya isa gare ta. Amma ba don arba'in ba."

Na ce mene ne bambancin, gero ɗaya, turmi ɗaya.

Ta ce ware rana ba ya cikin addini, mutane ne suka ƙara. Ta ce ba za ta sa hannu a abin da take tsoron ya zame wa Inna nauyi ba. Na ce Inna ba sadaka kawai ta ce ba, arba'in ta ce. Na ce ta daka ta ba ni, abin da na yi da garin ba ruwanta. Ta ce in na rantse ba ranar zan kai ba, za ta daka. Ban rantse ba. Na ɗaga murya, na ce ni ne mijinta. Ta ce ta sani, kuma duk abin da na hana ta ta hanu, har famfo. Wannan ne kaɗai ba za ta iya ba.

Na je wurin malamin makarantarsu, yaro ne da bai kai ƙanena ba. Ya karɓe ni da mutunci. Ya ce gaskiyar matata ce, sadaka tana isa ga mamaci kowace rana, kuma wasiyyar da ta saɓa wa addini ba a cika ta. Ya jawo Larabci. Ranar kasuwar Illela na sami limamin ƙauyenmu, tsohon da ya raɗa mini suna. Ya ce wasiyyar uwa ba abin wasa ba ce, ya tambaye ni ko iyayenmu duka a ɓata suka mutu sai yanzu yara suka zo da addini. Shi ma ya jawo Larabci. Ni ba ni da abin auna Larabci. Duk wanda nake gabansa sai in ga shi ne mai gaskiya, in na fito sai in rasa.

Kwanaki suna tafiya, buhu yana jingine a bayan ƙofa. Kowace safiya sai ta ce in kawo ta daka yau. Kowace safiya sai in ce ba yau ba.

Saura kwana biyu a yi arba'in na ɗauki buhun na tafi injin niƙa na wata unguwa, inda ba a san ni ba. Mata ne cike a layi da kwanuka. Wata ta ce, Malam, yaji aka yi maka ne? Wata ta ce a bar shi ya wuce gaba, gwauro abin tausayi ne. Suka yi ta dariya. Mai injin ya surfa, ya niƙa, ya juye mini. Na taɓa garin na ji da zafi. A wurina gari gari ne. Ban taɓa daka ba, ban taɓa tankaɗe ba, ci kawai na sani. Ban ma kula da abin da matar da ke gabana ta niƙa ba.

Na isa ƙauye da safiyar arba'in. An share ƙofar gida, an shimfiɗa tabarmi, dangi sun zo har daga wajen Bazaga. Na miƙa wa Iya buhun, na ce matata ba ta jin daɗi, amma ta daka, tana gaishe su. Iya ta sa albarka, ta shiga da shi ciki. Na zauna cikin maza. Hankalina ya ɗan kwanta.

Ba a jima ba aka ce Iya tana kira. Na same ta a bayan rumbu da ƙwarya a hannu, ta kwaɓa kaɗan. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Kai ɗan nan, yaushe matarka ta fara noman masara?"

Na ce wace masara.

Ta buɗe tafin hannunta, ga ɗigo-ɗigon rawaya a cikin garin. Ta ce in shinshina, warin ƙarfe da gazuwal, man inji. Ta ce garin turmi yana da tsaki, yana kama jikinsa in an cura, wannan kuwa laushi ne kamar toka. Ta ce ko da ido rufe ta san dakan matata, shekara nawa suna shan furarta. Ta tambaye ni ko matata ƙin dakawa ta yi. Na ce ba ƙi ta yi ba. Ta ce to dakawa ta yi? Na ce a'a. Ta ce to wanne ne? Na fara bayanin ranar da ba a warewa, na ji maganar ba ta zauna a bakina ba, na bari.

Iya ta ce, "Dami biyu ne, babu na uku. Da ka faɗa mini gaskiya, da na daka da kaina na nemi gafarar 'yar'uwata. Yanzu mi zan ce mata?"

An cura gumbar a haka, don mutane sun taru. Malamai suka yi addu'a, aka raba. Maza suka ci ba su lura ba. Amma duk gidan da aka kai, akwai macen da ta ɗanɗana. Kafin la'asar ba wanda bai sani ba. Ƙannena biyu suka same ni, suka ce ko in saki matar da ta raina uwarmu, ko in daina ce musu 'yan'uwa. Na ce ba ta raina ta ba. Suka ce to ni na raina ta. Wannan ban iya musawa ba.

Na koma Konni da niyyar saki. A mota na yi ta neman laifin da zan faɗa in an tambaye ni. In na ce ta ƙi bin umarnina, ita ce kullum take roƙon in kawo ta daka. In na ce karatu ya ɓata ta, ni na kai ta. Na shiga ɗaki na faɗa mata duk abin da ya faru, har da masarar. Ta zauna a ƙasa ta yi kuka, irin wanda ba ta yi ba ranar rasuwa. Ta ce, "Geron Inna ka kai inji?" Ni kuwa ban faɗi abin da na zo faɗa ba.

Daga baya na ji tana daka gero kowace Juma'a ta raba wa maƙwabta da sunan Inna. Na tambayi kaina ko Juma'a ba rana ba ce. Ban tambaye ta ba, don na san tana da amsa, kuma ba zan iya auna ta ba.

Iya ta rasu ba ta sake yi mini maganar ba. Ƙanena ɗaya ya sauko, muna gaisawa. Ɗayan har yau in mun haɗu a kasuwa sai ya juya kai.

Yanzu na bar dako, baya ya ƙi. Ina Konni, ina gadin wani shagon albasa da rana. Matata tana nan tare da ni, tana koyar da mata a zauren gidan da muke haya. Ƙauye sai in an yi rasuwa nake zuwa, in yi gaisuwa in juyo a ranar.