Inna Mai Shara da Guntun Alli

Tun tana goyon 'yarta ta fara shara a makarantar, har 'yar ta girma ta sami aikin jinya a wani gari mai nisa. Yara da malamai duk Inna suke ce mata. Ba ta da yawan magana. In ka ji muryarta, to wani ne ya taka inda ta goge bai bushe ba.

Da farkon bazara yayarta ta rasu, wadda suka yi shekaru suna ɗaki ɗaya tun bayan mutuwar mazajensu. Aka yi zafi irin wanda kwanon rufi ke ƙara da rana tsaka. 'Yan gaisuwa suka ɗauke ƙafa, 'yar ta koma bakin aiki, makaranta kuma ta tafi hutu. Ɗakin ya yi wa Inna faɗi. Don haka kullum sai ta tafi makaranta tana share azuzuwan da babu wanda ya ɓata.

Bayan ajin ƙarshe akwai wani famfo mai ɗiga. Wata rana tana zaune kan benci tana fifita da bakin mayafi, sai ta hango wani ɗan tsuntsu mai baƙin kai a gindin famfon, baki buɗe saboda zafi. A cikin sharar da ta tara akwai guntun alli. Ta ɗauka, ta je gaban allo ta zana shi, don dai hannunta ya sami abin yi.

Tsohon mai gadi ya leƙo ta taga, rediyo a kafaɗa.

"Inna, wannan kaza ce ko buta?"

"Kai dai Baba, je ka nemi tabarau."

Ta yi dariya, amma abin ya tsaya mata a rai, don ita ma butar ta gani. Washegari ta zuba ruwa a murfin bokiti, ta ajiye kusa da taga, ta zauna shiru. Sai ga tsuntsun ya zo, har da 'yan'uwansa. A nan ta lura ƙafarsa ba kamar ta mutum take lanƙwasa ba, kuma in ya kurɓi ruwa sai ya ɗaga kai sama. Ta goge, ta sake zanawa. Da allon ya cika ta koma aji na gaba. Ƙadangaru suka shigo cikin zanen, sannan famfon kansa, sannan keken mai gadi.

Wani yammaci 'yarta ta kira.

"Inna, kina cin abinci kuwa?"

"Ina ci. Ke, kin san wannan tsuntsun sai ya ɗaga kai yake haɗiye ruwa?"

"Inna, lafiyarki dai ko?"

Kafin ta amsa aka kira 'yar wurin mara lafiya. Inna ta daɗe riƙe da wayar.

Ta gwada zana fuskar yayarta, ta ƙi fitowa. Hannuwan kawai suka fito, da ɗan yatsan nan da ƙofa ta taɓa datsewa ya warke a karkace. Ta zauna gabansu har inuwar gini ta kai bakin titi. Ranar nan mai gadi ya leƙo, ya wuce abinsa.

Da hutu ya zo ƙarshe aka ce a wanke alluna kafin yara su dawo. Aikinta ne, ita ta yi da jiƙaƙƙen tsumma, aji bayan aji, ba wanda ya gani sai mai gadi.

Yanzu in tana shara tana tsintar guntayen fensir da yara ke yarwa, mai shagon unguwarsu kuma yana ajiye mata kwalayen da take zane a kai. Ɗakin har yau shiru ne. Amma kwanakin baya ta sa an gyara mata tagar da ta daɗe ba ta buɗuwa, don akwai wata bishiya a bayanta da take so ta gani da kyau.