Waƙar Farko ta 'Yar Amshi

Shekara ashirin da biyu ta yi tana amshi. Da wuya ka ji waƙar da ta yi tashe a garin babu muryarta a ciki, can bayan ta mawaƙin, tana tallafe da ita. Ma'aikatan situdiyo Anti suke ce mata. Mijinta kuwa, mai gyaran firji, Rediyo yake kiranta, wai tun da ya aure ta bai gano wurin kashewa ba.

Situdiyon ɗaki biyu ne a saman wani shagon taya. An manna katifu a bango don tare ƙarar titi, kuma dole a kashe fanka in za a ɗauki murya, sai mutum ya fito sharkaf da gumi. Ta ga mawaƙa da yawa sun hau matakalar nan da silifas, bayan shekara guda sun dawo da mota. Abin bai taɓa tsaya mata a rai ba, ko da yake sau da yawa ita ke gyara musu baitin da ya karkace.

Wata Talata mawaƙin da za ta yi wa amshi bai zo ba. Tana zaune tana jira, sai ta kama rera wata waƙa ƙasa-ƙasa. Mai haɗa kiɗa ya cire abin kunnensa ya tambaye ta ta wane ce. Ta ce ba ta kowa ba ce, ita ta ƙirƙira wa mahaifiyarta, wadda ta tsufa tana sharar ɗakunan asibiti, kuma wurin guga kawai take yinta. Ya ce ta shiga su ɗauka.

"Da jika a gida zan fara fitar da waƙa?" ta ce.

Ya ce ai makirufo kawai zai gwada. Sau biyu ta rera, ya ce ya isa.

Ranar Juma'a aka saki waƙar, da hoton da babbar 'yarta ta ɗauke ta da waya a jikin katanga. Makon farko mutum ɗari biyu suka saurara a intanet, mijin ya rantse rabi shi ne. Mako na biyu shiru, har ta cire rai. Sai wasu nas-nas suka ɗora waƙar a kan bidiyon bankwana da suka yi wa wata mai shara da ta yi ritaya. Daga nan abu ya bazu. Direbobin haya suka kama ta, masu aski suka kama ta, aka yi ta kiran gidan rediyo ana neman a sa.

Ranar Asabar da la'asar, lokacin da ake karanta jerin waƙoƙi goma na mako, tana tsakar gida tana wanki. Mijin ya faɗo daga shago da sufana a hannu, ya ce an kira waƙarta, ita ce ta tara. Ta share kumfa a zaninta, ta nemi wuri ta zauna.

Waƙar ta hau har ta uku, ta yi mako biyu a nan kafin ta fara sauka. Waƙar da ta riƙe ta ɗaya ma ita ta yi amshi a cikinta, 'yarta na tsokanarta wai ita ta tare wa kanta hanya.

Da ta kai wa mahaifiyarta waƙar, sai da aka kara mata wayar a kunne saboda jinta ya yi rauni. Ta saurara har ƙarshe, ta ce a maimaita. Sannan ta ɗago ta ce, "Ta yi daɗi, 'yar nan. Amma shekara talatin da huɗu na yi, ba talatin da kika ce a waƙar ba."

Yanzu tana aikin waƙa ta biyu, a kan matan da ke jiran motar haya da sassafe. Baiti uku sun zauna, na huɗun ne yake ba ta wahala, kuma ta ce ba za ta sake ta ba sai ya gyaru.