Babandi Mai Besfa da Zoben da Ya Karye

Kullum da misalin bakwai na safe, lokacin da masu ƙosai ke kwashe kaskon farko, Malam Babandi yakan ɓullo daga lungunsu da wata tsohuwar jaka a kafaɗa. Da ƙafa yake tahowa, yana gaisawa da wasu da Hausa, wasu da Yarabanci, har ya iso rumfarsa da ke bayan layin 'yan goro. Sai ya share gabanta, ya shimfiɗa kwali, ya jera sifanoni daga ƙarami zuwa babba, ya zauna a benci yana jira. Wata rana a turo masa babur biyu, wata rana har azahar ba wanda ya leƙo. Duk ɗaya ne a wurinsa, shara da jerin sifana ba sa fashi. Shekara arba'in da shida ke nan yana haka a Sabo.

Babandi Mai Besfa ake ce masa, ko da yake ba Besfa kaɗai yake gyarawa ba. Duk babur ɗin da ya girmi 'yan okadan yanzu, Banli ne ko roba-roba, in ya ƙi tashi a Ibadan, ƙarshensa rumfar nan. Ranar Juma'ar ƙarshen watan nan zai rufe ta, saboda hannunsa ya fara rawa, har ta kai sai ya kama kofin shayi da hannu biyu. Shi ya sa na ce bari in rubuta wannan. Sunana Anwar, a Sabo aka haife ni, gyaran waya nake yi a Mokola, kuma ina cikin waɗanda suka daɗe suna wuce rumfar nan da murmushin raini.

In za a faɗi gaskiya, mu 'yan zamani muna da hujjarmu. Babur ɗin yanzu maɓalli kake dannawa ya tashi. Ba hayaƙi, ba ya shan mai, kayansa kuma ko'ina akwai. Abu ya lalace, a cire a jefar a sa sabo, kafin ka cinye amalarka an gama. Tsoho kuwa sai ka buga kik har cinyarka ta yi tsami, wata rana ma sai ka karkata shi gefe kana lallashi. Abin mamaki, Babandi bai taɓa musa wannan ba. Abokina Safiyanu, mai okada tsakanin Sabo da Ojoo, ya ba ni labarin ranar da ya ga wata Banli fes a rumfar, ya ce shi fa ita zai saya.

"Me za ka yi da ita?" in ji Babandi.

"Okada mana, Baba. Dis wan na orijina, ƙarfe ne zalla."

"To je ka sayi sabo. Kai abinci kake nema wa iyali. Wannan sai mai lokacin zama da ita. In ka riƙa ɗora mata buhun albasa daga kasuwar Shasha sau biyar a rana, kai ka wahala, ita ma ta wahala."

Safiyanu ya ce haka ya tafi yana gunaguni, wai wane irin makanike ne wannan mai korar ciniki. Yau shekararsa shida a kan sabon babur, kuma duk sanda ya bi ta layin sai ya rage gudu ya ɗaga wa tsohon hannu.

'Yan goro kuma suna da nasu labarin. Wani tsohon malamin makaranta, Bayarabe, ya taɓa turo babur ɗinsa yana yoyon mai, bayan makanikai huɗu sun ce masa an daina yin kayansa, ya haƙura kawai. Babandi ya duba, ya ciro tsohuwar kalanda daga jikin bango, ya yanka fakin da kwalinta, wato ɗan shafin da ke toshe yoyo tsakanin ƙarfe da ƙarfe. Da babur ɗin ya tashi, malamin nan mai furfura ya cire hularsa yana ta godiya da Yarabanci, "eshe, Baba, eshe gan," alhali ya girmi Babandi. Ni kuwa cewa nake, kai ne, Baba Babandi, wanda ba ya cewa abu ya mutu sai ya buɗe cikinsa ya gani. A zamanin da kowa ya iya canzawa, kai gyarawa ka riƙe, kuma ba ka taɓa zagin masu canzawar ba.

Ni nawa labarin da kunya a ciki, amma dole in ba da shi.

Mahaifina, marigayi Alhaji Mika'ilu mai goro, ya bar wata shuɗiyar Besfa. Bayan rasuwarsa ta yi shekara biyu a zaure, an lulluɓe ta da buhu. Yayyena suka ce a kira 'yan gwangwan su ɗora ta a sikeli a huta. Ni na ce a'a. Mahaifiyarmu, Hajiya Haulatu, ita ta raba gardamar. Ta ce, "In za ta tashi, ta zauna. In ba za ta tashi ba, ku fitar min da ita kafin azumi. Na gaji da wucewa ta gaban gawa." Saura mako uku azumi a lokacin.

Mai hankali da rumfar Babandi zai nufa. Ni kuwa, mutumin da ke buɗe cikin waya kullum, na ce wannan tsohon ƙarfe har ya isa ya kai ni wurin wani? Na kalli bidiyo biyu a waya, na wanke fulogi, na zuba wa tayoyi iska. A cikin akwatin kayan aikinta na tarar da wani ƙaramin gwangwanin tumatir, baƙi ƙirin da maiƙo. Na ce lallai Alhaji bai iya zubar da shara ba, na wurga shi bola. Na sayo galan guda na fetur na juye a tanki, kamar yadda nake wa babur ɗina na zuwa aiki. A bugu na tara ta tashi. Ranar ji nake duk Sabo ba gwani kamata.

Na kama hanyar Ojoo ina ɗaga kai. Ina wuce Sango kaɗan sai na ji wata ƙara kamar ana wasa wuƙa a dutse, tayar baya ta cije, na tafi luuu, saura ƙiris in shige ƙarƙashin wata bas. Direban ya leƙo ya wanke ni tas da Yarabanci. Daga nan na turo ta har Sabo da rana tsaka, gumi har cikin takalmi.

Na kai ta rumfar Babandi. Ya sa ƙafa a kik, ya ji ta ƙi motsi. Sai ya zagaya ya buɗe akwatin kayan aiki, ya laluba, ya ɗago kai.

"Ɗan Mika'ilu, ina gwangwanin Alhaji?"

"Wane gwangwani, Baba?"

"Na tumatir."

Na ce na zubar. Ya kalle ni, sannan ya koma benci ya zauna.

"Gwangwani ɗaya na baƙin mai a galan ɗaya na fetur. Ni na auna masa shi da hannuna, shekarar da aka haifi babban yayanka. Irin naku na yanzu, baƙin mai ɗakinsa daban, fetur ɗakinsa daban. Ita wannan tare take shan su. Ka ba ta fetur tsura, fistin ya yi ta gogar ƙarfe a bushe har ya cije."

Na rasa inda zan sa kaina. Babur ɗin da mahaifina ya riƙe shekara talatin da wani abu bai taɓa bugawa ba, ni na kashe shi a rabin awa. Na shirya jin faɗa, kuma na cancanta. Amma abin da ya ce ya fi faɗa zafi.

"Ba kai kaɗai ke da laifi ba. Mun iya, ba mu gaya muku ba. Ku kuma ba ku tambaya ba."

Kwana uku na rufe shagona ina zuwa rumfar. Ya sa na kwance injin, shi yana nuna min da baki. Ya zura yatsa cikin silinda yana shafawa a hankali, idonsa a rufe, ya ce raunin bai yi zurfi ba, samfefa mai laushi za ta goge shi. Daga ƙasan wani akwati ya ciro fistin sabo ful, naɗe a tsohuwar jarida mai maiƙo, ya ce ya fi shekara ashirin yana ajiye. Tare da shi akwai zobba uku, siraran ƙarafa da ake ɗaura wa fistin. Biyu ake bukata, ɗaya ya rage ne daga wani tsohon aiki. Ya ce ko an zagaye kasuwar kayan gyara ta Agodi ba lalle a samu irinsu kafin azumi ba.

Sa zobe shi ne aikin da ya ce ba zai bar wa kowa ba. Ya goge hannu, ya yi bisimilla, ya kama zoben da manyan yatsunsa biyu ya fara buɗe shi. Ina kallon hannun yana rawa, yana ƙoƙarin tsayar da shi, yana cije leɓe. Sai muka ji ƙas. Zoben ya rabe biyu a tafin hannunsa.

Wani ɗan goro da ya leƙo kallo ya juya ya tafi don kada ya ga fuskar tsohon.

"Shekara arba'in da shida," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa, "ban taɓa karya zobe ba sai yau."

Tausayinsa ya kama ni har na manta da Besfar. Na ce, "Baba, a bar shi, ba komai." Ya girgiza kai. Wani a matsayinsa da ya sake gwadawa don kare girma, ko ya ce ƙarfen ne ya tsufa. Shi kuwa sai ya miƙo min sauran biyun.

"Kai da kake kwance ƙananan notina a cikin waya, hannunka ba ya rawa. Karɓi."

"Baba, in na karya fa? Babu wani."

"In ka karya, mun karya tare. Kama shi da manyan yatsu. Buɗe kaɗan, kada ka yi masa dole. Ka ga ɗan tsinin nan a cikin ramin? Bakin zoben a nan zai zauna."

Ban taɓa jin tsoron wani aiki kamar na ran nan ba. Na farko ya shiga. Na biyu ya maƙale a rabi, na ji ya ce, "Tsaya. Numfasa. To yanzu juya shi a hankali." Ya zauna daram. Babandi ya sauke ajiyar zuciya, ya ce, "Ashe gyaran wayar nan yana da rana."

Da la'asar muka gama haɗawa. Muka auna mai yadda ya kamata, ya ce in karkata ta dama in ƙirga biyar don man ya sauka, sannan in buga. A bugu na uku ta ɗauka, shuɗin hayaƙi ya cika layin. Wani dattijo daga cikin 'yan goro, ko leƙowa bai yi ba, muka ji ya ɗaga murya daga rumfarsa yana cewa, "Allah Ya jiƙan Mika'ilu." Ya gane ƙarar. A nan na kasa riƙe hawayena. Da na kai ta gida sai Hajiya ta fito. Ta ɗauke buhun da ke zaure ta ninke, ta share wurin da kanta, ta ce in ajiye ta a nan.

Washegari na koma yi masa godiya, na tambaye shi wane irin babur ne shi ya taɓa mallaka a zamaninsa. Ya yi dariya.

"Ban taɓa ba. Duk na Sabo ta hannuna suke bi, me zan yi da guda ɗaya?"

Ya kalli hannuwansa a kan gwiwa.

"Sai dai yanzu ko gwaji ba na iya yi, giyar hannu ta fi ƙarfina. Ɗan Mika'ilu, ko za ka goya ni zuwa shataletalen Mokola mu dawo? Ban taɓa zama a bayanta ba."

Na goya shi. 'Yan okada suna ta wuce mu fuu, wasu na tsokana wai babur ɗin gidan tarihi ne, "Baba, dis una mashin na mijiyom!" Ko a jikinsa. Ya dafa kafaɗata, ina jin rawar hannunsa ta cikin rigata, yana cewa in bar su su wuce, in sa giya ta uku in bar ta a nan. Sau biyu muka zagaya shataletalen, don da muka gama na farko ya ce a ƙara.

Baba, na gode. Kai ne ka nuna min cewa sabon babur hawansa kawai ake yi, tsoho kuwa sai ka san halinsa, kuma kowanne da wurinsa. Kai ne ka karya zobe a gaban mutane ba ka nemi wanda za ka ɗora wa laifi ba. Na ga gwanaye da yawa a garin nan, amma ban ga wanda ya miƙa aikinsa ga wanda ya ɓata shi, ya tsaya a kansa har ya gyara ba, sai kai. Allah Ya ba ka lafiya, Ya sa hutun nan ya zame maka alheri, Ya saka maka da abin da mu ba za mu iya ba.

Ku kuma masu sana'a, manyanmu, ku yi koyi da shi, ku faɗa mana abin da kuka sani ko ba mu tambaya ba. Mu matasa mu rage girman kai mu tambaya. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci zai kwashe sifanoninsa. Duk wanda ya taɓa turo mataccen babur rumfar nan ya koma gida a kansa, ya zo ya gaishe shi, ya faɗa masa alherinsa yana ji da kunnensa. Kada mu bari sai a zaman makoki mu fara ba da labarin Babandi.