Ranar da Yaya Dogara Ya Sauko Dutse da Tukunya a Ka

Ku matso kusa, 'ya'yana da jikokina, ku kife wayoyin nan, ku ara mini kunne. Ga ta nan tafe gare ku, kuma ba ƙirƙira ba ce. Da idona na gan ta, da gwiwoyin nan nawa na hau inda ta faru. Labarin yayana ne, Dogara, wanda muka kai makwancinsa da daminar da ta wuce.

Duk wanda ya san Yaya Dogara a Gidan Waya ya san bai taɓa zama ya ba ƙofa baya ba. A coci, bencin ƙarshe ne nasa, dab da taga, takalmi ɗaure tam, hula a hannu, kamar wanda aka raɗa wa cewa ginin zai faɗi kafin a ce amin. Fasto ya taɓa ce masa, "Baba Dogara, kai dattijo ne, ka matso gaba mana."

Ya ce, "Fasto, daga nan ma Maganar Allah tana iso ni. Kuma in wani abu ya taso, ai ya kamata a samu wanda zai fara fita ya kai labari."

Uwa ɗaya uba ɗaya muke da shi, don haka ba wanda zai gaya mini. Da tsoro aka haife shi. Yana tsoron tsawa, yana tsoron allura, yana tsoron mashin, yana tsoron talotalo. Wata ranar kasuwa a Kafanchan muka zo tsallake layin dogo, wajen da ciyawa ta rufe shi har awaki na kwance a kai. Yaya ya ja ya tsaya. Ya duba nan, ya duba can, ya durƙusa ya kara kunne a jikin ƙarfen.

Na ce, "Yaya, mutane na kallonmu. Rabon da in ga jirgi a nan tun ina goyon ɗana Bulus."

Ya ce, "Shi ya sa, Saratu. Ya makara sosai. Ranar da zai zo, da gudu zai zo."

To kun san halin garinmu. Da kaka ta kama, aka yanke acca, aka fara haƙar citta, sai ƙafafun 'yan kwaleji su soma ƙaiƙayi. Wannan Asabar su ce bakin ruwa, waccan su ce kan dutse, wai fikinik. Ni ina sayar da abinci a bakin ƙofar kwalejin, sai su ɗauke ni in dafa musu a can. Shi kuwa Yaya ba wanda ya taɓa gayyatarsa, amma ba fitar da ta taɓa wuce shi. Da muka je Matsirga, inda ruwa ke zubowa daga sama yana ruri, ya samu wata bishiya can nesa ya ɗaure ƙugunsa da igiya a jikinta.

Wani ɗalibi ya ce, "Baba, akuya ka zama?"

Ya ce, "Ka taɓa ganin akuya ta tsaya ɗaukar hoto a bakin rami?"

Na kai masa abinci a gindin bishiyar, na ce tunda yana wahala haka, me ya hana shi zama a gida. Ya ce, "In na zauna a gida, ina ganinsu a zuciyata suna faɗawa ɗaya bayan ɗaya. A nan ko ba komai ina ganin ba su faɗa ba tukuna."

Wannan duk na dariya ne. Yanzu ku gyara zama.

A shekarar da nake ba ku labari, jikata Alheri tana kwalejin. 'Yar Bulus ce, kuma Bulus da matarsa sun riga mu tafiya tun tana ƙarama. Ita kaɗai ta rage mini daga wannan ɗaki. Lokacin kuwa kun san yadda ƙasarmu take. Ƙauyuka sun binne mutanen da mahara suka kashe, sun daina barci da ido biyu. Saboda haka mutanen ƙauyen da ke gindin wani dutse kusa da mu suka kafa doka: ba mai hawa sai an shiga an gaya wa mai unguwa baki da baki, shi kuma ya sanar da maza. Duk wanda aka hango a sama ba da saninsu ba, masu zuwa da bindiga ne. Suna da wani tsohon ƙarfen ƙafar mota rataye a bishiyar mangwaro. In an buga shi a hankali, sujada ce. In an buga shi da sauri ba tsayawa, mata su kwashi yara su shiga gona, maza su ɗauki abin da suke da shi.

Ajin su Alheri suka shirya hawa dutsen nan. Da motarmu ta tsaya a bakin ƙauyen da safe, shugaban ɗaliban, wani dogon yaro mai suna Yakubu, ya ce bari ya shiga wurin mai unguwa. Yaya ya tare shi. Ya ce, "Ku yaran boko ba ku iya gaida manya ba, a tsaye za ka yi masa magana. Ni zan je."

Ya bi lungu ya ɓace. Kafin in gama naɗa gammo sai ga shi ya dawo, yana share zufa da hula. Ya ce, "An gama." Na dubi zufar nan, na dubi sanyin safiya, amma zufa ba baƙuwa ba ce a jikin Yaya. Muka kama hanya.

Sama ta yi kyau ranar, ba zan ɓoye muku ba. Ciyawa ta kai ƙirji, ta fara ja. Kana hango gonakin dawa shimfiɗe har inda ido ya gaji. Na kafa murhu, na ɗora babbar tukunyata ta dafa-duka. 'Yan mata suna waƙa suna ɗaukar hoto, samari suka bazu a kan tsaunin da adduna suna saro mini itace. Itacen ɗanye ne, hayaƙi ya tashi baƙi, ya miƙe sama kamar an kafa sanda.

Rana ta ɗan karkata, shinkafa ta tsotse, sai muka ji ƙarfen.

Da sauri ake bugunsa, ba tsayawa. Waƙa ta mutu a bakin yaran nan. Muka leƙa ƙasa, muka ga mata ƙanana kamar tururuwa, suna gudu da goyo suna shigewa cikin dawa. Wata yarinya ta ce, "Yesu, an shigo ƙauyen." Suka daddanna waya, babu sabis ko kaɗan. Yakubu ya ce kowa ya kwanta cikin ciyawa, kada wanda ya yi tari.

Muka kwanta. Fuskata a ƙasa, ina jin ƙamshin ƙasar, ina jin bugun zuciyar Alheri a jikin kafaɗata. Hannunta ya yi sanyi kamar randa. Ta ce, "Kaka, za su hawo?" Na ce ba za su hawo ba. Ban rufe baki ba na hango su ta tsakanin ciyawa. Maza ne, sun warwatsu, suna hawowa a duƙe, ba mai magana. Wasu da bindigar farauta, wasu da kwari da baka. Kuma ba neman hanya suke ba. Wajen hayaƙina suka nufo kai tsaye.

Sai na ji an ja mini zane. Yaya ne, ya rarrafo, leɓɓansa sun yi fari.

Ya ce, "Saratu, waɗannan ba baƙi ba ne. Mutanen ƙauyen ne. Mu suke nema."

Na ce, "Mu kuma? Ba ka gaya wa mai unguwa ba?"

Ya ce, "Akwai kare a ƙofar zauren."

"Ya cije ka?"

"A'a."

"Ya yi haushi?"

"Bai yi ba. Amma ya ɗaga kai ya dube ni, kuma na ga yana tunani."

Ku kuna dariya yanzu. Ni a lokacin ban yi dariya ba. Na gane abin da suka hango daga ƙasa: hayaƙi a kan dutse, da samari riƙe da adduna, ba wanda ya san da zuwansu. Mutanen da suka taɓa binne nasu ba sa tambayar ciyawa wa ke cikinta. In ta motsa, harbi ne. Ga Alheri da jar riga, ana iya ganinta daga Kagoro.

Yakubu ya ji mu, ya yunƙura zai tashi. Yaya ya danne masa wuya. Ya ce, "Kai dogo ne, baƙo ne, matashi ne. Kafin ka buɗe baki sun gama da kai." Na ce to ni zan tashi, sun san ni a kasuwa. Na ce wa gwiwoyina mu je, suka ƙi. Wallahi kamar ba nawa ba. Can gefe na ji wata yarinya ta fara shesshekar kuka tana ja da baya, kuma na san in ɗaya ta ruga duk za su ruga, in suka ruga kuwa an gama. Har ƙarar busasshiyar ciyawa a ƙarƙashin ƙafafun mutanen nan muna ji.

Ban ga lokacin da Yaya ya bar gefena ba. Sai dai na ɗaga ido na gan shi a bakin murhu. Ya ɗauki gammona ya ɗora a ka, ya kama tukunyar nan da hularsa, da zafinta da komai, ya ɗaga ta. Ya miƙe tsaye.

Dogara. Wanda ke kara kunne a layin dogo. Ya miƙe tsaye a gaban bindigogi da tukunyar shinkafa a kansa, ya fara gangarawa. Ƙafafunsa suna kaɗawa har murfin yana ta ƙara, kaf-kaf-kaf. Ina ganin bakinsa yana buɗewa yana rufewa, murya ta ƙi fita.

Aka harba.

Dutsen ya amsa, tsuntsaye suka tashi. Alheri ta cusa fuska a ƙirjina. Ni ban rufe ido ba, don na ce in yayana zai faɗi, bari a samu wanda ya gani. Bai faɗi ba. Murfin ya yi sama ya tafi yana gangara, manja ya biyo ta hudar da harsashi ya yi a gefen tukunyar yana zuba masa a kafaɗa, ja wur, har na ɗauka jini ne. Yana nan tsaye kamar an dasa shi. Sai harbin ya buɗe masa maƙogwaro. Da yarenmu ya yi kira, da wata murya da ban taɓa sanin yana da ita ba:

"Iliya ɗan Kande! Ni ne Dogara! Shinkafa ce!"

Sai wani ya miƙe daga cikin ciyawa, bindiga na hayaƙi a hannunsa. Iliya ne, wanda Yaya ya riƙe a coci ranar da aka yi masa baftisma. Ya dubi Yaya, ya dubi yaran da suka fara ɗago kai ɗaya bayan ɗaya, 'yan mata da ciyawa a gashi. Ya ajiye bindigar a ƙasa a hankali, ya zauna kusa da ita, ya rufe fuska da hannu biyu. Babban mutum, mai 'ya'ya, kafaɗunsa suna rawa.

Wani dattijo cikinsu ya ce, "Dogara, me ya kawo wannan? Da mun kashe 'ya'yan mutane fa."

Yaya ya ce, "Zan yi bayani. Amma tukuna, karen bai biyo ku ba ko?"

Sauran kun sha ji. Aka aika a tsayar da ƙarfen. Mata suka fito daga cikin dawa da ƙaiƙayi a jiki, kuma babu sunan da ba su kira Yaya da shi ba. Mai unguwa ya ce sai ya shigo zaure ya ba da haƙuri. Ya ba da haƙurin, amma ta kan katanga. Shinkafar da ta rage, da masu harbin da waɗanda aka so harba, tare muka cinye ta a gindin mangwaro, ba mai kallon idon wani.

A mota muna komawa, Alheri ta yi barci a cinyata, har lokacin tana firgita. Na ce, "Yaya, me ya sa tukunya?"

Ya ce, "Mai zuwa kashe mutane ba ya tahowa da abinci. Na ce ko za su lura."

Na ce, "To me ya tashe ka? Kai da ko talotalo ba ka iya fuskanta."

Ya dubi tafin hannunsa, duk ya tashi da ƙuna. Ya ce, "Na dubi bindigogin. Na dubi yarinyar nan. Na tuna in aka taɓa ta, da ke zan koma gida, in zauna ina kallon fuskarki har in mutu. Wannan ya fi ba ni tsoro."

Yakubu ya gama karatu, yana koyarwa can wajen Mararaban Rido, kuma an ce ko maƙwabta zai shiga sai ya aika tukuna. Iliya bai sake riƙe bindiga ba, citta yake nomawa, kuma shi ya ɗauki gaban akwatin Yaya, bai yarda an karɓe shi ba har bakin kabari. Mai unguwa ya rasu. Karen ya tsufa ya mutu bai taɓa cizon kowa ba. Tukunyar tana bayan ɗakina, na shuka barkono a ciki, hudar tana fitar da ruwa daidai. Alheri tana Samaru Kataf da mijinta, malama ce, ga goyonta nan da ta kawo mana ziyara kuna gani yana jan kunnen ɗan'uwansa.

Shi kuwa Yaya, a kan gadonsa ya tafi, da rana tsaka, Alheri na riƙe da hannunsa mai tabon ƙuna.

Ya Ubangiji, ka san bawanka Dogara, kai ka yi shi haka. Ya sha wahalar duniyar nan fiye da yadda ta cancanta. Ka riƙe shi kusa da kai, ka yi masa magana a hankali, ka ba shi hutun da bai samu a nan ba. A cikin sunan Yesu, amin.