Muryar Baba Iro a Cikin Rigar Gwangwani

A duk shekarun da na yi ina ɗaukar sauti, ranar da ban taɓa mantawa da ita ba ita ce wadda muka ɗauki fitowar ƙarshe ta Na-Goma, a wani ƙauye da ke gaba da Danja kaɗan. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan ba ku san shirin ba, don haka bari in fara daga tushe.

Wasan kwaikwayo ne na talabijin, mako-mako. Labarin wani gari ne da aka kawo wa mutum-mutumi masu aiki da na'ura domin su taya manoma cirar auduga. Sannu a hankali ɗaya daga cikinsu ya fara jin abin da mutane ke ji: gajiya, kewa, jin haushi idan an zage shi. Lamba goma ce a ƙirjinsa, shi ya sa mutanen garin ke ce masa Na-Goma. Duk shirin a kan tambaya ɗaya yake tafiya: tunda yanzu yana ji, kayan aiki ne shi, ko ɗan gari?

Wanda ya fito a matsayin Na-Goma shi ne Baba Iro. Manyanku za su tuna shi. A zamanin wasannin dandali, idan aka ce Iro zai hau dandamali a Malumfashi, tun la'asar ake cika fili. Daga baya ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi. Ya tashi, amma bakinsa ya karkace, maganarsa ta yi nauyi, kuma daga nan aka daina kiransa aiki. Daraktanmu, Malam Kabiru, shi ya je har gida ya ɗauko shi. Ya ce Na-Goma ba ya buƙatar fuska, tafiya yake buƙata, kuma jan ƙafar Baba Iro ta fi duk wadda wani zai ƙirƙira. Wani maƙerin gwangwani a kasuwar Funtua ya ƙera masa riga da hular da ta rufe kai gaba ɗaya. Baba Iro ya sa sharaɗi guda: kada a rubuta sunansa a ƙarshen shiri. Ba ya son a ce ga inda Iro ya ƙare.

Aikina shi ne murya. Ga wanda bai sani ba, a wurin ɗauka muna naɗar maganar ɗan wasa yadda ta fito daga bakinsa, da ƙaramin makirfo da muke maƙala masa. Sai mun koma ɗakin tacewa nake bi da muryar ta cikin na'ura, in matse ta, in ƙara mata amon ƙarfe. Da na gama, nauyin harshen Baba Iro ya ɓace, ba mai cewa mutum ne ya yi maganar. Ni kaɗai nake jin muryarsa ta gaskiya, ta abin da nake sawa a kunne.

Lokacin kaka ne muka yi yawancin aikin. Ina kewar kwanakin nan. Mu taso daga Funtua da sassafe a tsohuwar bas ɗin ofis, kaya a kan cinya, mu tsaya a Danja mu sayi rake. Gonaki sun yi fari fat da auduga, ga dawa an yanke an jingine. Mutanen ƙauyen, Musulmi da Maguzawa, su ne 'yan taron da ke fitowa a cikin shirin, kuma ba sa barinmu mu tafi sai mun ci tuwo. Idan rana ta take, mu cire wa Baba Iro hular, gumi na zuba kamar an watsa masa ruwa, amma sai ya ce, “Lawal, yau na san yadda tukunya take ji.”

A fitowar ƙarshe, dattawan gari sun zauna a gindin tsamiya za su yanke hukunci: a bar Na-Goma, ko a kwance shi a sayar da ƙarafansa. An ba shi damar ya yi magana sau ɗaya. Ina maƙala masa makirfo kafin a fara, sai ya riƙe hannuna da hannunsa mai lafiya.

“Lawal, alfarma nake nema.”

“Faɗi, Baba.”

“Wannan maganar ta yau, kada ka sa mata ƙarfe. Ka bar ta yadda na faɗe ta.”

Na ce, “Baba, ai za a gane ku.”

Ya ce, “Na sani. Na gaji da ɓuya.”

Na je na gaya wa Malam Kabiru. Ya daɗe yana kallon inda Baba Iro ke zaune, ya ce mu ɗauka tukuna, sauran magana sai a ofis, domin ba shi ke da ta cewa ta ƙarshe ba.

Aka ce a fara. Na-Goma ya jawo ƙafa ya tsaya a gaban dattawa. Abin da aka rubuta masa gajere ne: ya yi musu aiki, bai taɓa cutar da kowa ba, ba ya neman gona ko gida, wurin zama kawai yake so a cikinsu. Amma yadda ya faɗa ne. Kalma tana fita da ƙyar, ya tsaya, ya ja numfashi, ya sake kamawa. Da ya zo wurin “lokacin da nake da amfani, kowa ya san inda nake,” muryar ta karye. A kunnena take, kamar a cikin kaina yake magana.

Cikin 'yan taro akwai wata tsohuwa Bamagujiya, ana ce mata Inna Dije. Ba a ba ta komai ta yi ba sai zama. Kawai sai ta matsa gefe a kan tabarmarta, ta buga wurin da tafin hannu, ta ce, “Zo ka zauna nan, ɗan nan.” Mai ɗaukar hoto ya waiwayi darakta, Malam Kabiru ya yi masa alama ya ci gaba. Baba Iro ya je, rigar na ƙara, ya zauna kusa da ita. Ba mu sake ɗaukar fitowar ba.

Ƙa'ida ce kafin shiri ya fita sai shugabar sashen shirye-shirye ta kalla ta amince. A lokacin Hajiya Rakiya ce, mace mai tsare aiki. Na haɗa mata iri biyu, mai amon ƙarfe da marar shi. Ta kalli na biyun har ƙarshe, sannan ta juyo.

“Malam Lawal, masu kallo za su ce na'urarmu ta lalace. Kuma ina tsoron a mai da bawan Allah nan abin dariya. Ka san bakin mutane.”

Na ce, “Ranki ya daɗe, gaskiya ne. Amma shi ya roƙa.”

“Da bakinsa?”

Malam Kabiru ya ce, “Ki kira shi, Hajiya.”

Ta kira shi a waya a gabanmu. Ba mu ji abin da ya ce ba, mun dai ji ta ce, “To Baba, Allah ya sa haka ya fi alheri.” Ta ajiye, ta ce a bar muryar, a kuma rubuta sunansa a farkon jerin 'yan wasa.

Ranar da aka nuna shirin, a shagon wani mai shayi na kalla a Funtua, don in ga idon mutane. Da Na-Goma ya buɗe baki, wasu samari suka fara dariya. Na ce a raina abin da Hajiya ta ji tsoro ne ya faru. Sai wani dattijo mai ɗinki ya ajiye kofinsa, ya matsa kusa da akwatin talabijin ɗin. Ya ce, “Ku yi shiru. Wallahi Iro ne. Iro na Malumfashi!” Wurin ya yi tsit. Har aka gama ba wanda ya ƙara ko tari.

Da na je gaishe shi a ƙarshen makon, ban sami wurin ajiye babur a ƙofar gidansa ba. Tsofaffin abokan wasansa, waɗanda suka yi shekaru ba su leƙo shi ba, suna zaure ana ta tuna da. Wani ya zo tun daga Matazu. Baba Iro na tsakiya, bakin nan a karkace, yana ba da labari ana dariya. Da ya hango ni ya ce, “Ga wanda ya sake ni.” Bai ƙara fitowa a wani shiri ba. Damina biyu bayan haka Allah ya yi masa rasuwa, kuma jama'ar da ta raka shi ta cika layi.

Yanzu kayan aikinku sun fi namu nesa ba kusa ba. Kuna iya goge numfashi, ku miƙe harshen da ya karkace, har ku sa na'ura ta yi maganar da mutum bai yi ba. Ban ce kada ku yi amfani da su ba. Amma abin da na koya a gindin tsamiyar nan shi ne, mai ɗaukar sauti amana ake ba shi, kuma ba kowane aibi ne naka ka gyara ba. Kafin ka taɓa muryar mutum, ka tambaye shi yadda yake so a ji shi.